Takardar aiki daga New Brunswick a kan naira miliyan 9: a biya ko a haƙura?

Nura Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar Kanada. Wani ejan a Abuja ya ce zai samo mini takardar ɗaukar aiki daga wani kamfanin sarrafa kifi a lardin New Brunswick. Ya ce a ƙarƙashin shirin Atlantika ne, kamfanin zai tsaya mini har in samu takardar zama ta dindindin. Kuɗinsa naira miliyan 9, rabi yanzu, rabi in biza ta fito. Ina da HND a fannin sarrafa abinci, kuma na yi shekara huɗu a wani kamfanin shinkafa a nan Kano. Baba ya ce zai sayar da gonarsa ta Gezawa in dai abin na gaskiya ne. Shin shirin ma akwai shi?

Maman Ilham, Halifax: Wa alaikumus salam Nura. Shirin akwai shi, ni ma ta nan na shigo. Amma kafin komai, ka roƙi Baba ya dakata da maganar gona.

Larduna huɗu ne a gabar tekun Atlantika: Nova Scotia inda nake, da New Brunswick, da tsibirin Prince Edward, da Newfoundland da Labrador. Matsalarsu ɗaya ce, tsofaffi sun yi yawa, matasa kuma sun daɗe suna tafiya Ontario da Alberta neman kuɗi. Newfoundland ma tun 1992 da gwamnati ta hana kamun kifin kod, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a lokaci guda, garuruwan bakin teku suka fara watsewa. Shi ya sa a 2017 aka fara gwada shirin, a farkon 2022 aka mayar da shi na dindindin.

Yadda yake: ba kowane kamfani ne zai iya ɗaukar ka ba, sai wanda gwamnatin lardin ta tantance ta sa sunansa a jerin da ta amince da su. Jerin yana nan a shafin kowane lardi, kyauta, kowa zai iya dubawa. Kamfani ya ba ka aiki, wata ƙungiya mai kula da baƙi ta rubuta maka tsarin yadda za ka zauna da iyalinka, lardi ya sa hannu, sannan ka nemi takardar dindindin wajen gwamnatin tarayya. A cikin duk matakan nan babu inda aka ce a sayi takardar aiki. Haramun ne a dokarsu kamfani ko ɗan aikensa ya karɓi kuɗin ɗaukar aiki daga hannun ma'aikaci.

Ka tambayi ejan ɗin sunan kamfanin.

Nura Fagge: Na tambaye shi Anti. Ya ce sai na biya rabin farko, wai don kada in zagaye shi in tuntuɓe su da kaina.

Sabo Mai Tirela, Moncton: To ai ya ba ka amsa ke nan. 😂

Maman Ilham, Halifax: Ga wani abin kuma. Shirin ba ya karɓar aikin da ake yi lokaci-lokaci, dole ya zama na duk shekara. Yawancin kamfanonin kifi da ƙaguwa na New Brunswick da bazara zuwa kaka suke aiki, in sanyi ya shigo su rufe. Waɗanda suke kawowa daga Meziko da Filifin mafi yawansu a wani shirin daban suke, na ma'aikatan wucin gadi, wanda bizarka a ɗaure take da kamfani ɗaya. Ko da takardar ejan ɗinka ta gaske ce, zai iya yiwuwa waccan ce yake sayar maka da sunan wannan.

Alhaji Ɗanlami Jidda: Ni dai ina karantawa ina murmushi. 'Yar'uwa, duk wannan bayani naki sunansa kafala. Mun san shi tun kafin a haifi Nura. Wani ya tsaya maka, sunansa yana kan iƙamarka, in ya yi fushi ya rubuta maka hurub, wato ya kai rahoton ka gudu, ka zama abin farautar 'yan sanda. Na ga mata 'yan Kano da Katsina da aka kawo aikin gida, wata biyar ba albashi, fasfo yana hannun uwar gida. Turawa sun zo sun sa wa abin sabuwar riga kawai. Kafili kafili ne, ko da rawani ko da kwat.

Maman Ilham, Halifax: Alhaji, Allah ya ƙara girma, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ba kai kaɗai ka faɗa ba. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan bautar zamani, Tomoya Obokata, ya zo Kanada a 2023, ya ce shirin ma'aikatan wucin gadi wuri ne da bautar zamani ke tsira a cikinsa. Gwamnati ba ta ji daɗi ba, amma ya sake nanatawa a rahotonsa na 2024.

Inda na saɓa maka shi ne ƙarshen hanyar. A Saudiyya ko ka yi shekara talatin, ranar da aiki ya ƙare iƙama ta ƙare, 'ya'yan da ka haifa a can ma baƙi ne. A shirin Atlantika ɗaurin na ɗan lokaci ne. In ka shigo da izinin aiki kafin takardarka ta fito, e, a wannan tsakanin kana hannun kamfanin. Ranar da takardar dindindin ta fito, igiya ta tsinke. Ka ajiye aikin in ka ga dama, ba mai korar ka daga ƙasa. In ka cika kwana 1,095 a cikin shekara biyar ka nemi zama ɗan ƙasa.

Alhaji Ɗanlami Jidda: Mu ma an ce mana an gyara a 2021, wai ma'aikaci zai iya sauya wurin aiki ba da izinin kafili ba. Da muka duba sai muka ga ban da 'yan aikin gida, ban da direbobin gida, ban da makiyaya da masu aikin gona. Wato ban da mutanenmu. To ke ma ki gaya mini, wannan “tsakanin” da kika ambata wata nawa ne?

Maman Ilham, Halifax: Nan ne ciwon yake Alhaji. Lokacinmu bai kai shekara ba. Yanzu layi ya yi tsawo ƙwarai.

Bashir Bradford: Bari in sa baki, don abin da ake shirin yi wa Nura mu a Ingila mun ga irinsa da idonmu, ba labari ba.

A watan Fabrairun 2022 Birtaniya ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi da marasa lafiya, saboda gidajen kula da tsofaffi sun rasa ma'aikata bayan korona da ficewarsu daga Tarayyar Turai. Kamfani ya samu lasisi, ya ba ka takardar tsaya maka da ake kira COS, ka nemi biza. Kuɗin takardar a wajen gwamnati 'yan ɗaruruwan fam ne, kuma kamfani ne ya kamata ya biya. Amma a Legas da Abuja aka mayar da ita haja, ana sayar da ita dubban fam. Mutane suka sayar da gidaje da motoci.

Ni Allah ya taimake ni, wurin da na zo na gaske ne. Amma akwai wanda muka yi haya tare, ya iso ya tarar kamfanin ofis ne ɗaki ɗaya, ba tsoho ko ɗaya da suke kulawa da shi. Ana ce masa “jira, za mu kira ka”. Ba aiki, ba albashi, kuma ba ya iya kai ƙara, don in aka soke lasisin kamfanin, shi ma kwana 60 ake ba shi ya sami wani mai tsaya masa ko ya bar ƙasar. Wanda ya cuce ka shi ne kuma riƙe da zamanka, to wa za ka kai wa ƙara? Gwamnati da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanoni fiye da 470 a wannan fanni, abin ya shafi ma'aikata sama da 39,000.

Sannan suka fara rufe ƙofa a hankali. Maris 2024 aka hana zuwa da mata da 'ya'ya. Ranar 22 ga Yulin 2025 aka daina ɗauko masu wannan aiki daga waje gaba ɗaya. Amma wallahi har makon jiya na ga wani yana tallar “COS na kula da tsofaffi” a Facebook. Abin da babu shi ma ana sayarwa.

Ummi Gombe: Innalillahi. Yaya Bashir, mijin yayata yana cikin waɗanda suka biya a bara. Har yau ana ce masa ana kan aiki.

Bashir Bradford: Ummi, ya je ya nemi kuɗinsa tun da sauran wanda zai kama. Ya tattara rasit da duk saƙonnin da suka yi.

Sabo Mai Tirela, Moncton: Ni ina New Brunswick ɗin da ake magana. Nura, ko ka sami kamfanin gaske, ka sani lokacin da ƙofa take a wangale ya wuce. A watan Oktoban 2024 gwamnatin Trudeau ta rage yawan waɗanda za a ba takardar dindindin a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000, kason da larduna ke zaɓa da kansu kuma aka raba shi biyu. Dalili, gidaje sun yi tsada, mutane suna ta ƙorafi. A nan lardin, a watan Afrilun 2025 sun dakatar da karɓar sababbin takardu a shirin Atlantika na shekarar, gurbi ya cika. Abin da ya rage ma sun fi karkata shi ga ma'aikatan lafiya da magina da malamai.

Kuma saboda irin cinikin ejan ɗinka ne a watan Maris na 2025 suka cire makin da ake ƙara wa mai takardar aiki a babban tsarinsu na Express Entry. Sun gano ana sayar da takardun.

Abin da ya fi ban tsoro: in takardar ta jabu ce ka miƙa, ba ejan za a hukunta ba, kai ne. Shekara biyar ba ka ba neman shiga Kanada. “Ban sani ba” ba ta fid da mutum.

Nura Fagge: To Yaya Sabo, kai ta yaya ka samu naka?

Sabo Mai Tirela, Moncton: Na yi tuƙin babbar mota a Dubai, da wannan gogewar na nema. Na ɗauko jerin kamfanonin da lardi ya amince da su, na ware na sufuri, na yi ta aika musu takarduna, yawanci ko amsa ba su ba ni ba. Ɗaya ya kira ni ta bidiyo. Da na zo ma sai da na sake zama ɗalibi na ci jarrabawar lasisinsu na Class 1, don lasisin waje ba ya ba ka damar jan tirela a nan. Kuma tuƙi a kan ƙanƙara wani karatu ne daban, ranar farko na karanta duk addu'ar da na haddace.

Abin da na kashe: jarrabawar Ingilishi ta IELTS, tantance takardun makaranta, gwajin lafiya, ɗaukar zanen yatsu, kuɗin gwamnati, tikiti. Kuɗin takardar dindindin na babba ɗaya, yadda aka sa shi a 2024, dala 1,525 ne na Kanada, kai tsaye ga gwamnati ake biya. Sai su ga kana da ɗan abin riƙe kai a banki, a 2025 bai kai dala 4,000 ba ga mutum ɗaya. Gogewar aiki awa 1,560 suke nema cikin shekara biyar da suka wuce, kai kana da ninkinta. Takardar ɗaukar aiki ta shirin ma fom ne na gwamnati mai lamba IMM 0157, ba wasiƙa mai tambarin kamfani da kowa zai iya bugawa a shagon kwamfuta ba.

Issoufou Maraɗi: Sallama ga jama'a. Ni tambaya gare ni ga Malam Sabo. Mu da munka yi lakkwal da Faransanci, mi ya rage muna? Ko sai mai Ingilishi?

Sabo Mai Tirela, Moncton: Issoufou, ku ne ma 'yan gata yanzu. New Brunswick ita kaɗai ce lardin da Ingilishi da Faransanci duka harsunan gwamnati ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanenta Faransanci suke yi. A Dieppe nan kusa da mu sai ka wuni ba ka ji Ingilishi sosai ba, ga 'yan Kodebuwa da Kamaru da Maroko ko'ina. A ƙarshen Janairun 2025 an buɗe sababbin shirye-shirye biyu na ƙananan garuruwa, ɗaya na karkara mai garuruwa 14, ɗaya na masu Faransanci mai yankuna 6, yankin Akadiya na arewacin lardin nan yana ciki. Su ma sai kamfani ya ɗauke ka tukuna. Jarrabawarku TEF ce ko TCF maimakon IELTS.

Issoufou Maraɗi: Madalla. Na gode ƙwarai. Ni injiniyan lantarki ne, bari in fara da jarrabawar.

Dakta Hadiza, Zariya: Ina bin ku tun safe, kuma akwai abin da ke ci mini rai. Kowa yana maganar ƙarancin ma'aikata a Nova Scotia da Bradford. Mu fa? Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci wajen 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekarun nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mu a jerin ƙasashe 55 da ta ce kada a riƙa zuwa ana kwasar musu ma'aikatan lafiya. Duk da haka a 2023 hukumar ma'aikatan jinya ta Nova Scotia ta sauƙaƙa ba da lasisi ga 'yan ƙasashe bakwai, har da Najeriya a ciki. Da kuɗin talakan Zariya aka koyar da nas, ta ƙware, sai ta tafi jinyar tsohon Halifax. Ku zo ɗakin haihuwa da dare ku ga nas ɗaya a kan mata nawa. Maman Ilham, ba da ke nake ba, amma a faɗi wannan ɓangaren ma.

Maman Ilham, Halifax: Ko da ni kike Dakta, ba zan ji haushi ba, don abin da kika faɗa haka yake. Amma kafin in taho na yi wata bakwai ina bin gwamnati bashin albashina, ina sayen safar hannu da kuɗina. Da hukumar jinya ta Najeriya ta fito a Fabrairun 2024 ta ce sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardu zuwa waje, me ya faru? Zanga-zanga a Abuja da Legas. Ba a riƙe mutum da kulle ƙofa. A biya shi, a ba shi kayan aiki, a tsare masa rai a hanyar zuwa asibiti.

Waccan hanyar lasisin ma da kika ambata, a farkon 2025 sun dakata da karɓar sababbi, takardu sun yi musu yawa.

Dakta Hadiza, Zariya: Na yarda laifin gwamnatocinmu ne da farko. Amma ƙasar da ta ɗauki nas ɗinmu kyauta, ba ta biya ko sisi na karatunta ba, ita ma ba wankakkiya ba ce. In za su ɗauka, a yi yarjejeniya tsakanin gwamnati da gwamnati, su zuba kuɗi a makarantun jinya na nan. An amince da wata manufa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya a Agustan 2024, mu dai a ɗakin tiyata ba mu ga bambanci ba tukuna.

Malam Auwalu Funtuwa: Ni kuma wata tambaya ce ta addini ke damuna. Na ji ana cewa mutane suna shiga ta waɗannan ƙananan lardunan, da takarda ta fito sai su tattara su koma Toronto ko Calgary. Ashe ba alkawari aka yi ba cewa za a zauna a wurin?

Kabiru Calgary: Malam, ni ne misalin da kake nema, don haka bari in amsa. Ta tsibirin Prince Edward na shigo, na yi shekara biyu a Charlottetown, na koma nan Calgary a lardin Alberta. Doka ba ta hana ba. Sashe na 6 na kundin 'yancinsu ya ba duk mai takardar dindindin damar zama da aiki a kowane lardi. Kuma ba ni kaɗai ba ne, alƙaluman hukumar ƙididdigarsu sun nuna a tsibirin nan, bayan shekara biyar, waɗanda suke saura ba su wuce ɗaya cikin uku ba.

Ka duba lissafin. Albashi ya fi ƙasa, harajin sayayya kashi 15 cikin 100, a Alberta kashi 5. Haya ta hau kamar babban birni. Matata tana da digiri, ta rasa aikin da ya wuce shagon kofi. Naman halal da makarantar Islamiyyar yara sai an yi da gaske. Me zan zauna yi?

Malam Auwalu Funtuwa: Dokar ƙasa daban, amana daban, Malam Kabiru. Farkon Suratul Ma'ida umarni ne da cika alkawura. Sun buɗe ƙofar ne don garinsu ya rayu, ba don ta zama mashigar Calgary ba.

Kabiru Calgary: Abin da na sa hannu a kai shi ne ina da niyyar zama, kuma Allah ya sani da niyyar na zo. Na yi wa kamfanin aiki fiye da abin da muka rubuta. Su kuma sun riƙe amanar? A 2024 gwamnatin tsibirin ta sauya ƙa'ida a tsakiyar tafiya, ta rage gurbin masu aikin shaguna da gidajen abinci. Yaran Indiya da suka yi shekaru suna aiki a wurin suka fito zanga-zanga a watan Mayu, har da yajin cin abinci a gaban majalisar lardi. In ana bukatarka kai ɗan gari ne, in an ƙoshi kai baƙo ne.

Maman Ilham, Halifax: Ni ina tsakaninku. Wanda ya zo ya zauna, ya gwada, abu bai yi ba ya tashi, ban ga laifinsa ba. Wanda tun daga Kano ya riga ya kama ɗaki a Toronto, ya sauka a Halifax kwana uku ya wuce, wannan ƙarya ya rubuta, kuma ko a dokarsu ana iya tuhumar sa da yaudara a takardu. Sannan yana ɓata wa na baya. Akwai gidan kula da tsofaffi da na sani a wani ƙaramin gari, sun ɗauko mutum uku daga ƙasa ɗaya, duka suka gudu cikin 'yan watanni. Yanzu in suka ga fasfon ƙasar sai su ajiye takardar gefe.

Amma Kabiru bai yi ƙarya ba kan wahalar. A tsakiyar 2024 mutum wajen 160,000 ne a Nova Scotia ke layin neman likitan iyali, a lardin da mutanensa miliyan ɗaya ne da 'yan kai. Ni da nake aikin asibiti ma sai da na jira. Halifax da sauƙi, muna da masallacin Ummah da shagunan halal. Wanda aka kai ƙauyen bakin teku, Juma'a ma sai ya yi tuƙin awa biyu.

Malam Auwalu Funtuwa: To a kan wanda ya zo da niyyar gaskiya na sassauta. Na biyun dai ina nan a kan bakana.

Alhaji Ɗanlami Jidda: Ku dai kuna da zaɓin tashi daga gari zuwa gari har kuna muhawara a kai. Mu daga Jidda zuwa Makka ma lokacin Hajji sai da tasrihi.

Nura Fagge: Na sake kiran ejan ɗin. Na ce ya ba ni lambar rajistarsa, don Yaya Sabo ya turo mini ta gefe cewa duk mai karɓar kuɗi ya shirya wa mutum takardun Kanada dole ya zama lauyansu ko mai rajista da hukumar CICC, kuma ana duba suna a shafinsu. Ya ce abokin aikinsa na Toronto ne mai rajistar. Na ce to sunansa. Ya ce in ba na so akwai mutum shida a layi, ya rage mini zuwa miliyan 7 in na biya kafin Litinin.

Bashir Bradford: Har da rangwame. 😂

Ummi Gombe: Yaya Nura, don Allah turo mini lambarsa ta gefe, ina so in gani ko shi ne na mijin yayata.

Shugaban Zaure: Jama'a, kada kowa ya sa lambar waya ko sunan mutum a nan, ku yi ta gefe. Maman Ilham da Sabo, in kun samu sarari ku turo mini adireshin shafukan larduna huɗun inda jerin kamfanonin yake, zan maƙala su a saman zaure.

Maman Ilham, Halifax: In sha Allah in na tashi aiki, yau dare nake yi. Nura, kai kuma IELTS ɗin da za ka yi General ne, ba Academic ba, mutane da yawa suna asarar kuɗi a nan. Sakamakon shekara biyu yake yi kafin ya mutu, don haka kada ka zauna jarrabawar sai ka fara tura HND ɗinka a tantance, ita ce ke cin lokaci, musamman fito da sakamako daga makaranta.

Issoufou Maraɗi: Hajiya, mu ma takardunmu na jami'ar Yamai wurin guda za mu aika su, ko akwai na masu Faransanci daban?

Maman Ilham, Halifax: Hukumomin ɗaya ne ga kowa, WES tana cikinsu, kuma tana karɓar takardun Faransanci ba sai an fassara ba. Amma ka fara tambayar jami'ar yadda suke aikawa, don daga hannunsu ake so ta fito, ba daga naka ba.